Albashin Ɗan Jarida: Labarin Da Ba Ya Hawa Shafin Farko

A shekarar 2022, lokacin da mu malaman jami'o'in gwamnati muka shafe wata takwas cur muna yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, babu wani mataki na wannan dambarwa da bai fito a jarida ba. An buga yawan albashin farfesa, an buga watannin da aka riƙe mana, an buga abin da minista ya ce da martanin da shugabannin ƙungiyarmu suka mayar masa. Haka ake yi wa likitoci idan sun ajiye aiki, haka kuma ake yi wa 'yan fansho idan sun yi cincirindo a ƙofar ma'aikata suna neman haƙƙinsu. Sai dai akwai ma'aikaci guda a ƙasar nan wanda da wuya mai karatu ya ga labarin albashinsa a shafin farko, shi ne kuwa wanda ya rubuta duk waɗancan labarai. Dalilin a fili yake: wanda ɗan jarida zai kai ƙara shi ne mai jaridar da za a buga ƙarar a cikinta, wanzami kuwa ba ya son jarfa. Don haka na ga ya wajaba mu da muke cin moriyar aikinsu mu ce wani abu, ko da za a ce mun ari bakinsu mun ci musu albasa.

Duk wanda ya yi hulɗa da 'yan jarida a Nijeriya ya san sun kasu kashi uku ta fuskar biya. Kashi na farko su ne ma'aikatan kafofin gwamnati, na tarayya da na jihohi, waɗanda ke kan tsarin albashin aikin gwamnati. Abin da suke samu ba ya kai su ƙarshen wata, amma akwai ranar da suke sa ran zuwansa, akwai kuma fansho, ko da yake su ma sukan ɗanɗana kuɗarsu idan jiha ta shiga matsi. Kashi na biyu su ne na gidaje masu zaman kansu da ke biya a kan kari. Adalci shi ne a yaba musu, domin suna yin haka ne cikin wani yanayi mai tsanani. Kashi na uku, wanda shi ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami, su ne waɗanda ke bin bashin albashin watanni, da kuma waɗanda tun farko ba a yanka musu albashin ba. Katin shaida kawai aka ba su, aka ce su fita su nemi labari, su kuma nemi abinci da katin. Irin wannan wakili yakan biya kuɗin mota daga aljihunsa, ya sayi data da kuɗinsa, ya aika da rahoto, gidan ya buga ya sayar, shi kuwa ko sisin kwabo. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Masu gidajen jarida suna da uzurinsu, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Tun da kamfanin takardar buga jarida na Oku Iboku a Jihar Akwa Ibom ya durƙushe a shekarun 1990, daga waje ake shigo da takarda da tawada da kayan gyaran inji, duk da dala. Kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya a farashin gwamnati ba ta kai Naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta wuce Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, sannan hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Gidan rediyo kuwa dizal yake sha safe da dare. A ɗaya ɓangaren, kuɗin talla da a da suke riƙe jarida sun karkata zuwa Google da Facebook, mai karatu kuma ya saba da samun labari kyauta a wayarsa. Wannan guguwa ba mu kaɗai ta taɓa ba. A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridu sun ragu daga wajen 71,000 a 2008 zuwa wajen 31,000 a 2020, wato fiye da rabi sun tafi cikin shekara 12.

To amma akwai bambanci tsakanin abin da ya faru can da abin da ke faruwa nan. Can idan gida ya kasa, yakan rage ma'aikata ya sallame su da haƙƙinsu, ko ya rufe. Nan kuwa sai gidan ya ci gaba da fitowa, mai shi ya ci gaba da halartar taruka ana kiran sa mawallafi, ma'aikacin ne ke ɗaukar asarar a madadinsa ta hanyar aikin da ba a biya shi. Wannan ya saɓa wa dokar ƙasa ƙarara. Dokar Ƙwadago ta tanadi cewa kada tazarar biyan lada ta wuce wata ɗaya. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. Sai dai dokar ta bar ƙofa a buɗe, domin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin wucin gadi da waɗanda ake biya kamasho ba. Ta wannan ƙofa ce gidaje da yawa ke sulalewa: a kira mutum wakili na sa-kai ko mai neman talla, alhali kullum shi ke cika shafi.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne sunayen da muka laƙaba wa abin da ya maye gurbin albashin. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka dace ba, tana da cin hanci, tana da rashawa, tana da toshiyar baki, wadda ita ce ta fi kowace fito da ma'anar a sarari. Amma a ƙarshen taron manema labarai ba za ka taɓa jin ɗayansu ba. Abin da za ka ji shi ne kuɗin mota, ko kuɗin mai, ko na goro, ko ɗan alheri daga mai girma, ko kuma a taƙaita a ce ambulan, a ambaci mazubi a bar abin da ke ciki. Masana harshe sun san cewa al'umma ba ta yawaita sakaya suna sai a kan abin da take yi tana kuma jin kunyarsa. Kowace daga cikin waɗannan kalmomi an ɗauko ta ne daga rumbun kyawawan al'adunmu na karamci da kyautata wa baƙo, aka lulluɓe ciniki da ita. Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu jaridu suka amince da su a Ilori a 1998 sun hana nema ko karɓar wani abu don a buga labari ko a danne shi. Magana ce mai kyau a takarda, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba ina wanke mai karɓa ba ne, domin akwai waɗanda ke cikin wannan ƙunci suka kuma kame hannunsu, akwai kuma manya masu albashi mai tsoka da suka fi kowa karɓa. Abin da nake cewa shi ne, gidan da ya ba mutum kati ya hana shi albashi ya riga ya yanke masa hukuncin inda zai ci abinci.

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke biyan kuɗin wannan tsari? Ni da kai ne, mai karatu. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai alhakin sa ido a kan gwamnati domin ta riƙa ba da bahasi ga jama'a. Wakilin da ke gidan gwamnati, wanda abin da yake kai wa iyalinsa ke fitowa daga ofishin mai magana da yawun gwamna, ta yaya zai tambayi gwamnan inda kuɗin asibiti suka shiga? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Illar ba ta tsaya ga ƙaryar da ake bugawa ba, ta fi muni a gaskiyar da ba a zuwa nema. Taron ƙaddamar da gini a babban birni yana da ambulan, don haka kyamara goma za ta hallara. Ƙauyen da amai da gudawa ya ɓarke, ko makarantar da rufinta ya yaye, ko manomin da aka hana shiga gonarsa sai ya biya haraji ga 'yan bindiga, babu mai ba da kuɗin mota a can. Ta haka labarin talaka ke ɓacewa ba tare da wani ya ba da umarnin a ɓoye shi ba. A gidajen rediyo kuwa abin ya ɗauki wani salo, inda ake sayar da fili ga 'yan siyasa da sojojin bakansu, har ya zama mai saurare ba ya iya bambance labari da talla. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 makami ne babba, amma amfani da ita yana bukatar ɗan jaridar da zai iya shafe makonni yana bin takarda ɗaya, wanda kuwa ke neman na cefanen yau ba shi da wannan sarari.

Sai kuma batun su wane ne suka rage a ɗakunan labaranmu. Tun bayan dokar 1992 da ta ba 'yan kasuwa damar kafa gidajen rediyo da talabijin, wadda ta haifar da Raypower a Legas a 1994 da Freedom a Kano a 2003, gidaje sun yawaita ƙwarai, ga kuma jaridun intanet da ba su ƙirguwa. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha suna yaye dubban ɗalibai a fannin aikin jarida duk shekara, har Hukumar Kula da Jami'o'i ta raba fannin gida bakwai a 2020. Masu neman aiki sun yi yawa, guraben da ke biya sun yi kaɗan, shi ya sa mai gida ba ya tsoron kowa ya tafi, ya san akwai goma a bakin ƙofa da za su yi kyauta don a ji muryarsu. Sakamakon haka aikin jarida ya zama zango, ba mazauni ba. Matashi zai shigo da zafinsa, ya yi shekara biyar ko bakwai, daidai lokacin da hannunsa ya faɗa, nauyin iyali ya hau kansa, sai ya koma mai taimaka wa wani ɗan siyasa kan yaɗa labarai, ko jami'in hulɗa da jama'a na wani banki, ko ma'aikacin wata ƙungiyar agaji. Barin jarida zuwa wani aiki ba sabon abu ba ne. Abubakar Imam ya bar kujerar editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Adamu Ciroma ya tashi daga New Nigerian har ya zama Gwamnan Babban Banki a 1975. Amma su sun tafi ne bayan sun rena magada. Yanzu masu renon ne ke tafiya tun kafin su yi furfura, a bar yaro da yaro, babu wanda zai duba rubutu ya ce wannan zargi ne ba hujja ba, koma ka ji ta bakin ɗaya ɓangaren.

Wannan tsari ya fi cutar da mata. A ajujuwanmu na jami'a ɗalibai mata ba su da ƙaranci, a gaban makirfo da kyamara ma ana ganin su, amma da zarar an hau sama zuwa teburin da ake yanke shawarar abin da zai hau shafin farko, sai ka neme su ka rasa sai ɗaiɗaiku. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015, ta riƙe editan Sunday Triumph da New Nigerian tun a shekarun 1980, an kuma kafa ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ a 1989. Bayan shekara fiye da 30, har yanzu idan ana lissafin matan Arewa da suka shugabanci babbar jarida, sunanta ake fara ambata, kuma lissafin ba ya nisa. Aikin da abincinsa ke hannun manyan mutane, a otal, da dare, bayan taro, aiki ne da aka gina shi a kan ƙa'idar da ke korar mace mai tsare mutuncinta, balle a zo ga gidan da ba ya biyan albashi a ce zai biya hutun haihuwa. Idan mata suka fita, da su ake fita da labarin ɗakin haihuwa da na zawarawa da na 'yan gudun hijira mata, waɗanda a al'adarmu ba kowane abu za su faɗa wa namiji ba.

Akwai kuma wanda ya fi kowa zama ɗan bora, wato ɗan jaridar Hausa. Aikinsa ninki biyu ne. Takardar kasafin kuɗi da hukuncin kotu da sanarwar Babban Banki duk da Turanci suke zuwa, sai ya fahimce su, ya juya su, sau da yawa ya ƙirƙiro kalmar da babu ita a ƙamus, kuma kafin ƙarfe shida. Kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya da jirgi mai saukar ungulu da yaƙin cacar baka da ɗumamar yanayi, ta bakin 'yan jarida da masu fassarar labarai suka shiga gidajenmu har suka zama gado. Tun daga 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ɗakin labarai ne babbar makarantar daidaita Hausa. Duk da haka, a gidaje da dama da ke da sashen Turanci da na Hausa, ana kallon na Hausa a matsayin ɗan rakiya, a ɗauki duk wanda ya iya magana a ce ya iya rubutu. Abin da nake gani a shafukan labarai na intanet ya ishe ni shaida: an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an watsar da haruffa masu ƙugiya, an ɗauko jimlar Turanci da ƙashinta an sa mata rigar Hausa. Yanzu ga fassarar na'ura ta shigo, wasu na ganin sun sami hanyar sallamar mai fassara, alhali na'urar daga rubutunmu take koyo, idan muka ba ta gurɓatacce shi za ta dawo mana da shi ninki-ba-ninki.

Shekara da shekaru, mafakar gwanayen wannan fanni ita ce gidajen rediyon ƙetare: BBC da ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da Rediyon Faransa a 2007. Su ne suka nuna cewa ana iya rayuwa cikin mutunci da aikin jarida a harshen Hausa. Amma rancen tabarma ba ya hana kwanan ƙasa. A 2022 BBC ta ba da sanarwar soke gurabe 382 a sashenta na duniya, a watan Maris na 2025 kuma umarni guda daga fadar shugaban Amurka ya tsayar da mafi yawan ma'aikatan Muryar Amurka, shirye-shiryen Hausa suka yi tsit. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi daga Nijeriya da Nijar har zuwa Gana da Sudan bai kamata makomar 'yan jaridarsa ta rataya a kan kasafin kuɗin wata majalisa a Landan ko Washington ba.

Kada kuma a manta cewa wannan aiki ne da ake mutuwa a cikinsa. An kashe Zakariya Isa na NTA a Maiduguri a 2011, an harbe Enenche Akogwu na Channels a Kano ranar 20 ga Janairu, 2012, yana tsakiyar ɗauko rahoton harin da aka kai wa birnin. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta tanadi cewa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi domin irin wannan rana. Wakilin da babu sunansa a takardar albashi, idan ya faɗi a bakin aiki, iyalinsa za su tashi da sakin layi biyu na ta'aziyya.

Mene ne abin yi? Tarihi ya nuna mana hanyoyi biyu da ba su ɓulle ba. Mallakar gwamnati ba ta ceci New Nigerian ba: an kafa ta a 1966, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1975, ta mayar wa jihohin Arewa 19 a 2006, bayan 'yan shekaru ta durƙushe tare da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu a hannun gwamnoni 19. Kyakkyawar niyya ita kaɗai ma ba ta isa ba: jaridar NEXT ta Dele Olojede ta hana ma'aikatanta karɓar ambulan, ta yi bincike masu girgiza manya, amma ta daina fitowa a 2011 bayan talla ta ƙafe mata. Don haka gyaran sai an haɗa hannu.

Na farko, a yi aiki da dokar da ke akwai. Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin, wadda a baya take saurin cin tara idan an taɓa gwamnati, ta sanya shaidar biyan albashi da fansho cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Haka kuma kada wata ma'aikata ko hukuma ta ba da talla ga gidan da ma'aikatansa ke bin sa bashi. Na biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa, NUJ, wadda aka kafa tun 1955, ta tuna cewa ita ƙungiyar ƙwadago ce kafin komai. Ta riƙa fitar da rahoto duk shekara, jiha-jiha: mutum nawa ke aikin, maza nawa mata nawa, nawa ke da takardar ɗaukar aiki, wane gida ke bin wata nawa. Ta kai ƙara Kotun Ma'aikata a madadin waɗanda ke tsoron kai kansu, ta kuma rage zuwa gidajen gwamnati neman motoci da filaye, domin baki idan ya ci, ido ne ke jin kunya. Na uku, gidajen da ke da sashen Hausa su daidaita albashinsa da na Turanci, su ɗauki ƙwararrun masu tace rubutu, mu kuma a sassan harsunan Nijeriya da na aikin jarida mu haɗu mu koyar da fassarar labarai a matsayin sana'a mai zaman kanta. Na huɗu, gwamnati ta dubi abin da Ostireliya ta yi a 2021 da Kanada a 2023 na tilasta wa manyan kamfanonin intanet biyan wani abu ga masu samar da labarai, da sharaɗin kuɗin su isa ɗakin labarai, kada su tsaya a ofishin mai gida.

Na ƙarshe ya rataya a wuyanmu, mu 'yan boko masu albashi. Mukan zauna a majalisa mu ce 'yan jarida sun lalace, alhali da yawanmu mun manta rabon da mu sayi jarida ko mu biya kuɗin karanta ta a intanet, kuma idan mu ne muka shirya taro a ofis ko a jami'a, mu ne ke ware kuɗin ambulan a cikin kasafi. Laifi tudu ne. Labari yana da tsada, dole wani ya biya, kuma duk wanda ya biya shi ake yi wa aiki. Idan muna son ɗan jarida ya yi mana aiki, mu fara biyan kuɗin jaridar da muke karantawa tun daga wannan wata, mu kuma tambayi gidan da muke saye ko ya biya ma'aikatansa albashin watan jiya.